Tsakanin Damagaram da Kano babu jirgin da za ka jira

Ƙanena, saƙonka ya iso. Barka da arziki, tunda takardar Azhar ta fito. Ka tambayi nisan filin jirgin Damagaram da na Kano, da ko akwai jirgin da zai ɗauke ka daga gida ya haɗa ka da na Alƙahira.

Ta sama kusan kilomita 200 ne, jirgi bai gama hawa ba zai soma shirin sauka. Sai dai babu jirgin fasinja a wannan hanya. Idan ka matsa wa masu sayar da tikiti, ta Yamai da wasu ƙasashe za su zagaya da kai, da kuɗin da zai ciyar da kai wata da watanni a nan Masar.

Mota za ka hau. Wajen kilomita 240 ne, ko ta Matamaye da Dan Barto ka faɗa Daura da Kazaure, ko ta Magarya ka ɓulla Baban Mutum. Yamai kuwa kusan 900 ce, ka wuce Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, yini guda cur a kujerar motar Rimbo. Shi ya sa mutanenmu suka fi son tashi daga filin Malam Aminu Kano, inda EgyptAir ke zuwa. Dama jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 daga Masar suka taso.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne iyaka. 'Yan kasuwa na ƙetarawa kullum ba wanda ya buga musu hatimi, direba ma zai ce maka zauna kawai, ya san mutanen. Kada ka yarda. Sauka da fasfonka a hannu, a buga maka na fita a ɓangarenmu, a buga na shiga a ɓangaren Najeriya, ko da fasinjoji za su yi ta tsaki. Ma'aikacin shige da fice a filin Kano zai bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya yana neman ta inda ka shigo, kuma ba ya jin "a mota na zo". Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ya kasance cikin fasfon.

Tun juyin mulkin Yulin 2023 lamarin iyaka ke sauyawa. An rufe ta watanni, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025. Kafin ka biya tikiti, ka je tasha ka ji daga bakin direbobin da suka dawo jiya.

Biza kuma a ofishin jakadancin Masar da ke Yamai za ka nema, don haka Yamai ba ta da makawa. Idan kana can, tambayi farashin tashi daga filin Diori Hamani ka gwada da na Kano. In Kano ka zaɓa, ka shiga da kwana ɗaya a hannu, ka canza sefa a Wapa, ka kwana wajen 'yan uwa a Fagge.

Ka gaida Inna. Ka taho min da kilishi, a naɗe shi da kyau.