Sabon SMF ya yi rajista, amma AMF bai kula shi ba

Ɗana, tambayarka ta iso. Ka ce a cibiyar 5G ɗinku ka tayar da sabon SMF, wato manhajar da ke kula da zaman data na wayoyi, ya yi rajista a NRF, mai riƙe da rajistar manhajojin cibiyar, ka ga amsar 201 mai nuna an karɓa da idonka, amma har yanzu AMF, mai karɓar wayoyi ya zaɓa musu SMF, bai turo masa ko waya ɗaya ba, aiki duk yana tafiya wurin tsofaffin. Sai ka ce, "Maigida, ko in rubuta adireshinsa da hannu a cikin AMF kowa ya huta?"

Kada ka rubuta. Bari mu fara da 201 ɗin da ka dogara da ita.

Abin da ta gaya maka kaɗan ne. SMF ya aika saƙon PUT ta kan HTTP/2, ɗauke da bayanan kansa a tsarin JSON, NRF ta karɓa ta adana. Ba ta ce bayanan sun dace da abin da AMF yake nema ba, ba ta ma duba wannan. Rajista ƙofa ɗaya ce, Nnrf_NFManagement. Nema wata ƙofa ce daban, Nnrf_NFDiscovery. Dukansu suna cikin takardar 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin netwok ɗin wayoyi, mai lamba TS 29.510, kuma ina so ka saba da buɗe ta. NRF kamar dillali take: abin da mai kaya ya faɗa mata shi ta sani, kuma mai saye ba zai samu ba sai siffar da ya kawo ta yi daidai da wadda aka ba ta. Don haka aikinka shi ne ka ɗora takardu biyu gefe da gefe, abin da SMF ya ce game da kansa da abin da AMF ya tambaya, ka bi su layi-layi.

Ɗauko ta farko daga NRF kanta da saƙon GET, ba daga fayil ɗin saitin da ka rubuta ba, domin abin da ka rubuta da abin da manhajar ta aika ba kullum suke zama ɗaya ba. Za ka ga nfInstanceId, wato lambar UUID da ta bambanta wannan SMF da kowane. Za ka ga nfType, da nfStatus, da jerin PLMN, wato netwok ɗin kamfanonin waya da yake cikinsu, da adireshinsa ko sunansa na FQDN. Can ƙasa akwai smfInfo, kuma nan ne na fi zargi. A ciki SMF yake lissafa yankunan netwok da yake yi wa hidima, wato sassan da ake yanka netwok ɗaya domin hidimomi daban-daban, da DNN ɗin da ke ƙarƙashin kowane yanki, wato sunan netwok ɗin data da waya ke son shiga, wani lokaci har da jerin TAI na wuraren da hannunsa ya kai.

Sannan ka kamo tambayar AMF a kan hanyarta zuwa NRF yayin da wata na'ura ke neman buɗe zaman PDU, wato zaman data. Za ta ce target-nf-type SMF ne, requester-nf-type AMF ne, ga snssais, ga dnn. Ka tsaya a kan yankin, ka dube shi da kyau. S-NSSAI, lambar da ke nuna yanki, kashi biyu ne: SST mai bit 8, da SD mai bit 24 wanda ba dole ba ne a sa shi. In SMF ya yi rajista da SST 1 tare da SD 000001, AMF kuma ya zo yana neman SST 1 ba tare da SD ba, a idonka abu ɗaya ne, a wurin NRF yanki biyu ne daban. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne babu wani ihu da za a yi. NRF za ta amsa 200, lafiya lau, sai dai jerin da ta dawo da shi ba ya ɗauke da naka, ko ya zo fanko gaba ɗaya. Mai duba lambar amsa kawai zai ce komai na tafiya daidai. Ka buɗe cikin amsar. Haka DNN: harafi ɗaya ya kauce, an wuce ka.

Idan waɗannan sun dace, duba shingayen da SMF ya kafa wa kansa, irin su allowedNfTypes da allowedPlmns da allowedNssais. Na sha ganin an kwafo saiti daga wani wuri da jerin da ba AMF a ciki, SMF na zaune ya hana kansa ganuwa ga wanda ya fi bukatarsa.

To, a ce ka kafa kunne a hanyar saƙonni ka jira, amma AMF bai yi tambayar ba sam. Wannan ma amsa ce. Duk amsar nema tana zuwa da validityPeriod, wato daƙiƙoƙin da mai tambaya zai iya riƙe sakamakon yana aiki da shi ba tare da ya koma ba. AMF ya tambaya kafin naka ya zo duniya, ya ajiye, yana ta ci daga ajiyarsa. Hanya biyu ce zai san da sabon: ko wa'adin ya ƙare ya sake tambaya, ko kuwa tun farko ya yi rajistar sanarwa a NRF, ta yadda da zarar wani SMF ya shigo za ta buga masa NF_REGISTERED. Ka duba ko wannan rajistar tana nan, domin ita ma tana da wa'adi, kuma ka tabbata NRF tana iya isa adireshin da AMF ya bayar don karɓar sanarwa. Sau da yawa katangar tsaro ta buɗe hanyar zuwa, ta manta da ta dawowa.

Sai bugun zuciya. A amsar rajista NRF tana ba da heartBeatTimer. SMF na iya ba da shawarar nasa, amma na NRF shi ne doka. Kafin lokacin ya cika sai ya aika PATCH, ita kuma yawanci ta amsa 204. In ya yi shiru fiye da yadda aka saita mata ta jira, sai ta mayar da shi SUSPENDED, ta daina ba da sunansa ga masu nema. In ta amsa masa 404, ta manta da shi ke nan, sai ya sake rajista daga farko. Saboda haka 201 ta jiya ba hujja ba ce a yau. Duba nfStatus na yanzu. Kuma ka riƙe UNDISCOVERABLE a ranka don ranar gyara: da shi ake janye SMF a hankali, masu zama a kansa su ƙarasa, sababbi kuma a daina turo su. Wanda ya kashe na'ura kai tsaye alhali wannan na nan, bai ji tausayin masu waya ba.

Akwai kuma yiwuwar sunansa yana fitowa a jerin, AMF ne ba ya zaɓarsa. NRF jeri take bayarwa, zaɓi na mai tambaya ne. Yana duba priority, inda ƙaramar lamba ita ce gaba, sai capacity da ke raba nauyi tsakanin masu matsayi ɗaya, sai load daga 0 zuwa 100. In tsofaffin suna kan 1 naka yana kan 10, ba zai ga aiki ba muddin suna tsaye.

Yanzu maganar rubuta adireshi da hannu. Zai yi aiki yau, ban musa ba. A zamanin 4G ma da DNS muke yi, tsarin da ke mayar da suna adireshi, MME, takwaran AMF na lokacin, yana nemo ƙofofin data SGW da PGW ta bayanan NAPTR da SRV, kuma mutum ne ke shigar da su. Amma DNS ba ta san wanda ya mutu da wanda ya cika ba. Lokacin da 3GPP ta fitar da Release 15 a 2018 ta gina cibiyar 5G a kan cewa waɗannan ayyuka manhajoji ne, suna tashi suna faɗuwa, adireshinsu na canzawa, ana ƙara su da rana a rage da dare. Adireshin da ka kafe da hannu ba ya bugun zuciya, ba ya faɗin nauyinsa. Ran da SMF ɗin ya koma wani adireshi, AMF zai ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa, kuma wanda ke bakin aiki a daren zai duba NRF ya ga komai tsaf, bai san ka binne wani abu a saiti ba. Ga kuma tsaro: NRF ce ke ba da takardar izini ta OAuth 2.0 da AMF zai nuna wa SMF, kuma da bayanan rajista take yanke hukunci. Bayanan da suka karkace, ka zagaye su a wurin nema, za su tare ka a wurin izini.

Abu ɗaya ka tabbatar kafin ka fara kamo saƙonni: ko akwai SCP, ɗan aiken da ke isar da saƙonni tsakanin waɗannan manhajoji, a tsakani. Release 16 ce ta kawo shi a 2020. A tsarin da ake kira D, AMF ba ya zuwa NRF neman SMF da kansa. Yana miƙa saƙonsa ga SCP, sharuɗɗan nema suna cikin kawunan saƙon masu farawa da 3gpp-Sbi-Discovery, SCP ne zai tambaya, ya ajiye, ya zaɓa. In haka netwok ɗinku yake, tsakanin SCP da NRF za ka kafa kunnenka, kuma ajiyar da ta tsufa a wurin SCP za ka neme ta.