Takin ure ko takin 15-15-15: wanne ya dace da masarar da aka shuka ba huɗa?

Tambaya: Ina noman masara a gefen Gulbin Maradi, wajen Madarunfa. Na daina huɗa, ina barin kara da ganye a kwance a gona. Bara na watsa ure, amma masarar ta yi ɗorawa. Shin in sayi 15-15-15 bana, ko in nemi uren nan mai magani da ake cewa ba ya tashi?

Amsa: Malam, laifin ba na buhun da ka saya ba ne, na watsawar ne. Buhun ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot, wato sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore, na 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kacal, saboda haka wanda ya bar ure don gudun asara zai biya kuɗi mai yawa kafin ya samu abin da masara ke buƙata.

Ga abin da ke faruwa. Idan ƙwayar ure ta faɗa kan kara mai danshi, wani sinadari da ke jikin ruɓaɓɓen ganye yakan narkar da ita ya mayar da ita iskar amoniya, kuma a zafin rana irin namu wannan iskar takan tashi cikin ƴan kwanaki, tun saiwa ba ta taɓa ta ba. Raɓa ko yayyafi ƙara ɓarnar suke yi. Sai ruwan da ya kai milimita 10 zuwa 15 ne ke shigar da takin cikin ƙasa. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da karan su ma sukan riƙe wani kaso na azot ɗin na ɗan lokaci.

Shawarata ita ce ka sayi duka biyun. Ka sa 15-15-15 lokacin shuka, sannan ka raba uren kashi biyu: ɗaya idan masara ta kai gwiwa, ɗaya kafin ta fara goyo. Kowane karo ka ture karan gefe, ka sara rami da sungumi kamar santimita 5 daga gindi, ka zuba, ka rufe. Aiki ne, ban musa ba, amma a jigawa rabawar tana rage yadda ruwa ke wanke takin zuwa ƙasa, a fadama kuma kada ka zuba alhali ruwa na kwance.

Uren mai magani, wanda ake shafa wa wani sinadari mai suna NBPT, jinkirta tashin yake yi na mako ɗaya zuwa biyu. Amfaninsa na mai babbar gona ne da dole sai ya watsa. Kai da za ka iya binnewa, gara ka biya ƴan ƙwadago da kuɗin da za ka ƙara wajen sayensa.