Ga mai Corolla da birki ya yi wa laushi a Hawan Kibo

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai Corolla 2010, sannu da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Ka ce kana gangarowa Hawan Kibo daga Jos birki ya yi maka laushi har ka ji ƙauri, kuma an ba ka shawarar ka cire wili 15 ka sa na aloi 17 da taya 215/45 'yar Beljiyam, wai ita ce ke riƙe kwana. Duk mai bin Bauchi zuwa Abuja ta Jos a cikinmu ya san irin wannan faɗuwar gaban, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba.

Wallahi wili ba shi da hannu a abin da ya same ka. Birkinka ne ya dahu. Mota mai nauyin sama da tan ɗaya tana sauka daga tudu, kai kuma ƙafarka na kan birki tun daga sama, duk wannan nauyin zafi yake komawa a kan faifan birki da fad. Idan fad ne ya ƙone, za ka ji birkin da tauri amma motar ba ta rage gudu, ga ƙauri. Idan man birki ne ya tafasa, sai ƙafa ta nutse ƙasa ba abin da ya tare ta, domin tururi ya shiga layin, shi kuwa tururi matsewa yake yi. Kai duka biyun ka haɗa. Kuma babu lokacin da ya kai wannan muni: ka taka, ba komai, ka sake takawa, ba komai, ga kwana na tahowa, ga tirela a gabanka tana rarrafe, ga rami a gefe, na baya suna ta salati, hannunka ya jiƙe a kan sitiyari, kanka ya ɗaure har ka manta motar tana da giya. Wanda bai taɓa ji ba gani yake labari ne.

Man birki yana shan danshi daga iska. Nau'in man da aka rubuta wa DOT 3 a jikin gora, in sabo ne sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa tun a 140. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 idan ya tsufa. Yawancin motocinmu tun da suka shigo ƙasar nan ciko kawai ake yi musu. Ka sa a zubar da tsohon gaba ɗaya, a fitar da iska a ƙafa huɗun, lita ɗaya ta isa, sannan ka riƙa maimaitawa duk shekara biyu. A duba fad, in kaurinsa ya sauko milimita 3 a canza, kuma kar ka sayi mai arhar nan da ba ko suna a kwalinsa.

Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita ake saukarsa. In taka otomatik ce, tun kafin gangarar ta fara ka jawo ta daga D zuwa 3, inda ya yi tsanani ka sa 2. Injin zai yi ƙara, ƙyale shi, aikinsa yake yi. Birki kuma taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci, ka sauko daga 50 zuwa 35, ka ɗaga ƙafa ya sha iska. Masu sakin mota a firi don tsimin mai, da masu kashe inji ma gaba ɗaya, Allah ya shirye su: da ka kashe inji, taku biyu ko uku ƙarfin birkin ya ƙare, sitiyari ya yi nauyi. In ya sake yi maka laushi, ka yi ta famfa shi da sauri, ka rage giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali kana danne da maɓallinsa. Da ka samu wuri mai faɗi ka tsaya kamar rabin awa. Kar ka watsa wa faifan ruwa, lanƙwashewa zai yi.

Kuma don Allah a rage wuta. Gudu in ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa huɗu take yi. Iyakar da Road Safety ta sa wa ƙaramar motar gida a babbar hanya kilomita 80 ne a awa, kuma wannan ba na kwanonin Panshanu ba ne, ba na hawan Tula ba ne. Kafin kwana ake cin birki, ba a cikinta ba.

Maganar taya kuwa, nan ne raina yake ɓaci. Wasu masu sayar da Beljiyam ba sa jin tsoron Allah ko kaɗan. Za su wanke taya, su shafa mata baƙin mai tana ƙyalli, wadda zanenta ya cinye su sake tsaga shi da wuƙa mai zafi har a kusa taɓa waya, su goge lambar shekara ko su juya ta ciki in za su ɗaura maka. Ka tambaya su ce ai Bature bai mora ba. Da yawa ma tayar ƙanƙara ce, za ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a gefenta. An yi robarta ne don sanyin da ke ƙasa da digiri 7, kai kuma za ka ɗora ta a kwaltar Alkaleri a watan Afrilu da rana tsaka. Laushi take yi, ta cinye da wuri, birki kuma ya ƙara nisa. In ta fashe da iyalin mutum a ciki, mai shagon yana can yana lissafin ribarsa, ko gaisuwa ba zai zo ba.

Ka tsuguna da kanka ka nemi inda aka rubuta DOT da jerin lambobi a gefen tayar. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Road Safety shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka yi ta. Ka murza gefen da yatsa, in ka ga ƙananan tsage-tsage robar ta bushe. In akwai kumburi ko ɗan ƙarami ne, zaren ciki ya tsinke, ba ta gyaruwa, kuma sa mata tub ba magani ba ne. Cikin ramin zanen akwai ɗan tudu, in zanen ya zo daidai da shi saura milimita 1.6 ke nan, ta mutu. Da damina ma kar ka bari ta sauka ƙasa da 3.

Shi wili 17 zai shiga motarka, kuma gaskiya a kwalta mai santsi sitiyari ya fi jin magana da shi. To ina kwaltar? Taya 195/65 R15 tsayin gefenta kusan milimita 127 ne, 215/45 R17 kuwa 97. Wannan santimita ukun da ka rasa shi ne ke shanye dukan rami. Ka faɗa rami ɗaya da gudu, gefen tayar ya matse tsakanin bakin ramin da wili, ta yi kumburi ko wilin ya tsage. Na ƙarfe in ya lotsa ana buga shi ya koma, aloi tsagewa yake yi, kuma waɗanda ake kawowa kasuwa da yawa an yi musu walda ta ciki an fesa fenti. Ka juya shi ka shafa bayansa kafin ka biya. In dai kwalliya kake so, tsaya a 16 da taya 205/55, faɗin zagayenta kusan ɗaya ne da naka, mitar gudu ba za ta yi maka ƙarya ba.

Ramukan noti ma a kula. Corolla irin taka, in 'yar Amurka ce, 5×100 ce, wato noti biyar a da'ira mai faɗin milimita 100, ramin tsakiya milimita 54.1. Na Camry 5×114.3 ne, ba ya shiga, amma akwai masu gurza ramukan su tura shi da ƙarfi. Kar ka yarda. Noti ya dace da mazauninsa a wilin, akwai mai kan tsini akwai mai washa, a ɗaure su a gicciye, bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bi. Yaron da ke hawa kan sifana yana tsalle, miƙar da ƙusar yake yi.

Bayan girman taya akwai lamba da harafi, misali 91H. Wato kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma gudun 210. Siraran tayoyin 17 da yawa 87 ne, kilo 545. Kar ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, balle mu da ba ma baro Jos sai da buhun dankali a but da mutum huɗu a baya.

Masu faci kuma sun saba dura iska 45 ko 50 a geji, su buga tayar da hannu su ce ta yi. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, a Corolla 30 zuwa 32 za ka gani. Sayi geji naka ka riƙa aunawa da safe kafin mota ta motsa. In ka auna a hanya ka ga ta ƙaru, zafi ne, kar ka sace iskar. Ƙarancin iska ma ya fi saurin fasa taya, domin gefen ne ke ta lanƙwasa har ya yi zafi ya rabu. In ta fashe kana tafiya, riƙe sitiyari da hannu biyu, saki totur a hankali, kar ka kuskura ka danna birki sai motar ta lafa.

In kuɗin bai kai na sababbi huɗu ba, sayi biyu iri ɗaya ka sa su a baya, masu dama-dama su dawo gaba, don in baya ya kwashe a kwana da ruwan sama ba direban da ke iya tare shi. A yi balansin da alaimen a ranar. Safaya ma a ciro ta a auna. Ka ɗauko hoton gefen tayoyin da ke kan motar yanzu, inda DOT yake, ka turo mu duba maka kafin tafiya ta gaba.