Amsa ga mai neman bel ɗin tsohon majigin Elmo

Malam, ka ce majigin Elmo ne na siririn fim ɗin nan da ake kira Super 8, ƙwan fitila yana kamawa, moto yana juyawa, amma fim ba ya motsi, kuma da ka buɗe murfin baya ka tarar da wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta a jikin fuli, wato ƙaramar tayar da bel ke hawa. To, wannan kwaltar ita ce bel ɗin. Haka robar wancan zamanin take narkewa in ta tsufa, zafin ɗakunanmu kuma ya ƙara mata sauri.

Kafin ka nemi sabo, cire wuta ka goge wannan danƙon tas. Auduga a kan tsinke da sifirit sun isa, sai dai haƙuri, don zai ci auduga da yawa. Kada ka kai fetur ko tina wurin, suna cin filastik. Ka bi ramin kowane fuli har sai audugar ta fito fara, domin ɗan abin da ya rage zai manne wa sabon bel ya lalata shi. In ka gama, ka juya injin da hannu. Idan ya yi tauri, giris ne ya daskare, kuma duk bel ɗin da ka sa zamewa zai yi. Sai an kankare tsohon giris an sa sabo kaɗan, a ɗiga mai na keken ɗinki digo ɗaya a bushin moto, wato zoben da sandar moto ke juyawa a ciki, ba tare da ya taɓa fuli ba.

Ba ka faɗi lambar majigin ba, alhali da ita ake nema. Tana jikin ƙaramin allon da ke baya ko ƙasa, irin su ST-180, ST-600, ST-1200. Da ita za ka samu bel da aka yanka daidai a wurin Van Eck, masu sayar da kayan majigi a ƙasar Holan, ko a kasuwar intanet ta eBay. Matsalar dai kuɗin aikowa kan ninka kuɗin bel ɗin, shi ya sa gara ka iya awo da kanka.

A wurin awon ne akasari ake kuskure. Mutum ya ɗauki guntun tsohon bel ya kai kasuwa a ba shi irinsa, ya manta shekara hamsin ta miƙar da shi. Hanyar bel za ka auna, ba gawarsa ba. Ka zagaya zare mara talewa ta cikin ramin fulin biyu, ka yi alama inda ya haɗu, ka shimfiɗa a kan rula. A ce ka samu milimita 280. Cire kashi 7 cikin ɗari domin ya kama, ya zama 260. Raba da 3.14, ka samu kusan 83. Wannan shi ne faɗin cikin zoben da za ka nema. Sannan ka dubi ramin: in mai lanƙwasa ne, bel mai zagaye yake so, in ya yi kwari mai kusurwa, yawanci mai kusurwa huɗu ne, in fulin shafaffe ne mai ɗan tudu a tsakiya, shimfiɗaɗɗen bel ne, kuma babu abin da zai zauna a kai sai irinsa.

Ga mai zagaye, zoben robar nan da ake kira O-ring yana aiki sosai, ana samunsa wurin masu kayan injin da famfon ruwa, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Kauri milimita 2.5 zuwa 3 ne ya fi yawa a ƙananan majigai. Ka saya uku: wanda lissafi ya ba ka, da na sama da shi, da na ƙasa. Ka lanƙwasa kowanne ka duba, in ka ga tsage-tsage ya daɗe a shago, bar shi. Bel ɗin kaset na masu gyaran rediyo ya yi siriri, ba zai ja injin ba. Robar ɗaure kuɗi kuma kada ma a fara, kwana kaɗan za ta narke ka koma gidan jiya.

In ba a samu girman ba, akwai igiyar roba ta foliyuritan, koriya ko ruwan lemo, da ake sayarwa a mita. Ka yanka tsawon da reza, bakin ya miƙe sak, ka gasa wuƙa, ka manna bakunan biyu a gefe da gefenta har su fara narkewa, ka zare wuƙar ka haɗa su. Riƙe minti ɗaya, bar shi ya huce minti goma, sannan ka aske tudun mahaɗar. In ka bar tudun, duk zagaye za ka ji ƙas, hoto kuma ya riƙa zillo. Amfaninta babba shi ne ana iya haɗa ta a cikin injin, ba sai an kwance sandar farfela ba.

Mutane sun fi tsoron sako-sako, amma ni matsattsen na fi tsoro. Sako-sako zai nuna kansa nan take, sauti ya riƙa jan jiki. Matsattse kuwa shiru zai yi yana cin bushin moto, wanda samunsa ya fi na bel wuya nesa ba kusa ba. In moto ya yi gurnani kafin ya tashi, bel ya matse. Bel ɗin hannun da ke naɗe fim kuma, wanda a wasu majigan sifirin ne na ƙarfe, da gangan aka yi shi ya riƙa ɗan zamewa yayin da faifai ke cika. In ka ɗaure shi tamau, zai yage maka hujojin fim.

Gwaji da fim ɗin da ba ka so za ka yi, ba na bikin gida ba. Faifan Super 8 mai ƙafa 50 ya kamata ya ƙare a minti 3 da daƙiƙa 20 a gudun hoto 18 a daƙiƙa. In ya zarce haka sosai, kada ka yi saurin zargin bel. Duba allon baya: majigin da aka yi wa Amurka na wuta 60Hz ne, wato mai bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, kuma taransifoma ƙarfin wuta kawai take ragewa, ba ta gyara wannan. Moton da ke bin bugun wuta zai yi gudun hoto 20 a daƙiƙa a maimakon 24 na fim mai sauti, muryoyi su yi kauri. Wasu majigan suna da rami biyu a fulin moto, an rubuta 50 da 60, sai ka mayar da bel ɗin kan na 50, wanda ya fi ɗan girma, ka sake awon zaren a kansa. Turo lambar majigin da hoton fulin kusa-kusa, a gaya maka ko mai zagaye ne ko mai kusurwa.