Tambaya da Amsa: Wasan Yara da Kula da Muhalli

Wata malamar ajin ƙanana daga Tibiri ta ce ba su da kuɗin sayen kayan wasa, tana jin kamar tana tauye yaran.

Malama, kwantar da hankalinki, ba ki tauye kowa ba. Haƙa rami biyu a bayan aji, zurfin taƙi ɗaya. Yara su binne ɓawon ayaba a ɗaya, baƙar leda a ɗayan, su riƙa yayyafa ruwa. Bayan wata guda su tono da hannunsu: ɓawon ya koma ƙasa, leda na nan yadda take. Daga nan ki nuna musu akuya tana tauna leda a kan juji, ki tambaye su ina za ta tafi a cikinta.

Wani maigida daga unguwar Zariya ya ga akwatin kayan wasa na roba, jika 15, an ce yana koyar da kiyaye muhalli. Ya saya?

Malam, kar ka saya. Robar da za ta tsage cikin mako ta ƙare a kwalbati, ita ce za ta koya wa yaro tsabtar gari? Yawancin irin waɗannan kaya ba sunan kamfani, ba a rubuta shekarun yaron da ya dace da su ba. Goga farin ƙyalle mai danshi a jikin kayan; in launi ya fita, bar musu kayansu, don bakin yaro zai shiga. Duba murfin batir: in ba a ɗaure shi da ƙusa ba, ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli zai faɗo, kuma in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin awoyi kaɗan. Asibiti ake rugawa nan take. Mutum ya tsaya cinikin dala biyar a kan tumatir, amma ya miƙa jika 15 don ya ga hoton itace a kwali!

Kayan wasan kyauta da ake tsinta ma sai da lura. Galan ɗin maganin ƙwari ba ya zama abin ban ruwa ko an wanke. Kar a ba yara ƴaƴan zurma ko na bini-da-zugu su yi ƙirga, guba ne. Marfin kwalba kuwa, ban da ɗan ƙasa da shekara 3.

Wata uwa ta ce irin da ɗanta ya shuka a ledar fiya-wata bai fito ba.

Hajiya, ko ba a huda gindin ledar ba ruwa ya kwanta, ko an sa ɗanyen taki. Haɗa ƙasa kashi 2, tsohon taki kashi 1, a shuka irin a zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Fara da zogale, yana tsirowa cikin mako biyu. Gawo ɓawonsa tauri, sai an karce shi, yaro ba zai jira ba. In kuka shuka zogale a watan Yuni, zai isa dashe ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Mai tambayar wace waya zai saya wa ɗan shekara 4 don wannan darasi: babu. Kai shi gona ya ga sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka toho da kansu a gona ana kula da su.