Amsa ga mai tambayar launin da zai yi wa tsohon injin walda

Wa'alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka: ka samu tsohon injin walda Lincoln SA-200, ka gyara shi har ya tashi, yanzu saura fenti, kuma ka rasa ko ka mayar masa da launinsa na asali ko ka yi masa ja da baƙi irin na sababbin injina, ga masu ba ka shawarar shuɗi. Barka da arziki, domin wannan inji ba na yarwa ba ne.

Ni a ganina mayar masa da launinsa na asali. SA-200, mai janareta da injin fetur a jikinsa, na kamfanin Lincoln Electric ne da ke Cleveland a jihar Ohio ta Amurka, kuma ruwan toka aka san jikinsa da shi. Jan da kake gani a jikin injinan Lincoln na yanzu daban ne. Shuɗi kuwa launin Miller ne, rawaya na ESAB. Duk wanda ya san walda, daga nesa da launi yake gane inji, saboda haka Lincoln mai shuɗin jiki zai sa mai saye ya fara zargin an yi masa haɗe-haɗen kayan wasu injina, ya rage maka kuɗi. In ba ka da niyyar sayarwa har abada, to kayanka ne, yi abin da ranka ke so. Amma ko a hakan ruwan toka ya fi sauƙin riƙo: ba ya nuna ƙura, ba ya ɗaukar zafin rana kamar baƙi, kuma ba ya koɗewa da wuri kamar ja. Jan fenti mai arha in ya sha rana shekara ɗaya ko biyu sai ka ga ya koma kamar ruwan hoda, kana shafawa yana bin hannunka.

Sai dai ruwan toka iri-iri ne, kada ka zaɓa daga hoton waya, kowace waya da yadda take nuna launi. Nemo asalin fentin a jikin injin kansa, a wuraren da rana da mai ba su taɓa ba: ƙarƙashin farantin lamba, bayan allon sarrafawa, ƙarƙashin ɗamarar tankin mai, ko cikin lanƙwasar ƙofa. Sami wuri kamar faɗin tafin hannu, ka goge da samfefa mai lamba 1500 da ruwa har dattin sama ya fita, ka shafa masa ɗan folish. Abin da ya bayyana shi ne launin. Kwance wannan ƙarfen ka kai wa mai haɗa fenti, ya haɗa, ya ɗiga a gefe, ku jira ya bushe sannan ku duba a waje cikin hasken rana, don fenti yakan ƙara duhu in ya bushe. In yana da katin launuka na RAL, ku gwada da lambobin toka irin su 7001 da 7040 da 7042, ka rubuta wadda ta fi kusa ka ajiye, saboda ranar da za ka buƙaci ƙarin rabin lita don taɓa wani wuri.

Farantin fuska, wato wanda aka rubuta lambobin wuta a kai, kada fenti ya kusance shi. Masu harkar waɗannan injina da launinsa suke bambanta zamaninsu, su ce mai jar fuska ko mai baƙar fuska. Wanke shi da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori kawai, tina tana cinye rubutun. In ya mutu gaba ɗaya ana sayar da sabo, amma sayi irin wanda ya zo da shi. Haka ma inda aka buga lambar inji da lambar samfuri: da su ake odar kayan gyara, in samfefa ta shafe su ka shiga uku. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton kowane tambari da kowace waya, ka auna tazarar rubutun da ke jikin bonet daga gefe, ka rubuta.

Tsarin da zan ba ka shi ne: bonet da ƙofofi da gangar janareta ruwan toka, shasi da tirela baƙi mai ɗan dishi-dishi, injin fetur ɗin shi ma toka mai haske. Dalilin haske a jikin inji shi ne yoyo. Injin kamfanin Continental mai silinda huɗu ne a ciki, kuma tsohon inji ba ya rasa ɗigon baƙin mai. A kan toka za ka ga layinsa tun yana ƙarami, a kan baƙi sai ya taru a ƙasa za ka sani. In kana son ja, sa shi kaɗan: ƙugiyar ɗagawa, murfin tanki, gefen fanka, da alamar tashar wuta mai tarawa. Ka kuma duba lafiyar kwanon kafin ka yanke ƙyalli. Fenti mai sheƙi sosai yana tona kowace lotsa da kowane ramin tsatsa. In kwanon ya sha duka, mai matsakaicin sheƙi zai rufa maka asiri.

Tambaya ɗaya kafin a buɗe gwangwani: ka yi walda da shi tukuna? In a'a, dakata. Ƙona sanduna kamar ashirin, ya yi zafi sosai, ka ga inda mai ko ruwa ke fita, ka canza gaskit da hos, ka daidaita kafireto. Wanda ya yi fenti kafin wannan, da sifanarsa zai kankare aikinsa.

Yanzu inda aka fi yin gyaran gangar Auzinawa, wato wuraren da fenti bai kamata ya taɓa ba. Kwamiteta, wato zoben jan ƙarfe da burushin kabon ke gogawa, ko hazon feshi ya sauka a kansa wuta za ta ragu ko ta ɗauke gaba ɗaya, kuma a SA-200 biyu ne, da babba da na ƙaramin janaretan da ke can ƙarshe. Burushin da mariƙinsa da sifirin ɗinsu su ma haka: fenti yana sa burushi ya maƙale a gidansa, ya daina danna zoben. Kwayil ba a yi masa fentin mota, banish na wayar wuta ake shafa masa, wanda masu rawayindin ke amfani da shi. Sai maɓallin ƙara wuta da na rage ta, da maganeto, da tashoshin da ake ɗaura kebur, da duk inda wayar ƙasa ke haɗuwa da shasi. Wannan na ƙarshe yana wahalar da mutane: an gama fenti, an haɗa inji, kik ya ƙi juyawa, ana ta zargin batir, alhali fenti ne ya shiga tsakanin waya da ƙarfe. Manna salatif a wurin tun kafin feshi, bayan an haɗa ka shafa ɗan giris. Fenti mai garin alminiyum ko tutiya kuwa kada ya sauka a kan abin da ke raba wuta da jiki, yana iya buɗe wa wuta hanya. Lagireto a yi masa hazo ɗaya siriri na baƙi, don fenti mai kauri yana toshe tsakanin fikafikansa inji ya riƙa zafi. Cikin tanki ba a fentinsa ko kaɗan, fetur zai narkar da shi ya tura cikin kafireto.

Wajen cire tsohon fenti, kwance kwanon duka ka yi aikinsa can nesa da janareta. Feshin yashi yana da sauri, amma ƙwaya ɗaya ta shiga boris ko tsakanin kwayil ta isa ɓarna, ga shi yana lanƙwasa siririn kwano in an matsa, kuma ƙurar yashi na lalata huhu. Fentin wancan zamani sau da yawa akwai dalma a ciki. A Amurka sai a 1978 aka hana shi a gidaje, na masana'antu ma ya wuce haka. Don haka kada ka ƙona shi da wuta, kada ka goge shi a bushe cikin gida inda yara ke wasa. Goge da ruwa ko ka yi amfani da maganin cire fenti, ka sa takunkumi na gaske, ka tattara dattin.

Wanke mai kafin guga, ba bayanta ba, in ba haka ba samfefa za ta tura man cikin ƙarfe. Kananzir ko gas yana narkar da tsohon giris, amma shi ma yana barin maiƙo, saboda haka bi shi da ruwan omo mai zafi, ka busar, sannan ka share da tina da tsumma mai tsabta har tsumman ya daina canza launi. Samfefa 80 don sauke fenti da tsatsa, 180 don daidaita fila, wato abin cike lotsa, 320 zuwa 400 a kan faraima, wato fentin ƙasa, kafin fentin sama. Inda tsatsa ta yi ramuka, burushin waya ba ya kaiwa ƙasansu. Shafa maganin tsatsa mai asid na fosforik, ka bar shi ya yi baƙi, ka wanke yadda aka rubuta a jikin kwalbar. In ka rufe tsatsa da rai, damina ɗaya za ta kumburo fentin kamar ƙuraje. Ƙarfen da aka goge tas kada ya kwana tsirara, musamman da damina, sa masa faraima a ranar.

Irin fentin ya fi launin muhimmanci, kuma a nan ne arha ba ta ado. Fentin mai na ƙofa da taga yana daɗewa bai yi tauri ba, kuma fetur na zuba a kai zai yi laushi ya kama ƙura. Injin walda kullum cikin fetur da tartsatsi da rana yake. Sayi faraima ifoksi mai hadina, wato ruwan da ake haɗawa don fenti ya yi tauri, da fentin mota mai hadina, wanda masu fenti ke kira tu-ke. Faraima shafi biyu, fentin sama shafi biyu zuwa uku. Awon haɗi yana jikin gwangwani, yawanci fentin sama kashi biyu ne da hadina kashi ɗaya da tina kamar kashi goma cikin ɗari, amma bi na gwangwaninka, kuma auna da kofi mai layi, kada ka yi da ido. Hadina ta yi kaɗan fenti ba zai taɓa yin tauri ba, ta yi yawa ya riƙa tsagewa. Haɗa abin da za ka ƙarar cikin awa biyu kawai, ragowar daskarewa zai yi a cikin gon, wato bindigar feshi. Ga wannan inji, in za a fesa kwano ciki da waje, tanadi kamar lita biyu na faraima, lita biyu na toka, lita ɗaya na baƙi, kwatan lita na ja, da galan na tina don wanki. Hadinar nan akwai guba a tururinta da ke kama ƙirji, ƙyallen rufe hanci ba ya tare ta. Nemi takunkumi mai gwangwanin gawayi sabo, ka yi feshi inda iska ke wucewa.

Kada ka fesa fentin selulos ko mai tina mai ƙarfi a kan tsohon fentin mai da ka bari, nan take zai tattare kamar fatar tsoho. In dole ka bar tsohon a wani wuri, jiƙa tsumma da tina ka ɗora minti biyu. In ya yi laushi, sauke shi.

Bakin gon milimita 1.3 ko 1.4 don fentin sama, 1.7 ko 1.8 don faraima mai kauri, matsin iska kamar bar biyu a bakin gon, tazara kamar tsawon tafin hannu daga ƙarfe, kowane layi ya hau rabin na baya. Bar minti goma zuwa sha biyar tsakanin shafi da shafi. Fara da gefuna da lunguna, sannan fili. Zubar da ruwan tankin kwamfureso kafin ka fara, ka sa matatar ruwa a layi. Ƙananan ramukan nan masu kama da idon kifi daga ruwa ko mai suke, ko daga folish mai silikon da aka fesa kusa. In fuskar ta fito kamar ɓawon lemo, fentin ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan. In yana zubar hawaye, ka matso kusa ko hannunka ya yi jinkiri. Kada ka taɓa shi ɗanye, bari ya bushe kwana biyu ka goge da 1500.

Lokaci ma da nasa. Da hunturu iska a bushe take, fenti na so, amma ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ƙasa, ka kewaye wurin da leda, ka yi da hantsi kafin iska ta taso. Da damina kada ka fesa da asuba ko bayan ruwa, raɓar da ido ba ya gani tana kan ƙarfe, fenti zai yi fari-fari kuma ba zai kama ba. Da bazara kada ka shanya kwano a rana sannan ka fesa, fentin zai bushe kafin ya kwanta ya fito da gautsi kamar yashi.

Manifol da salansa fentin mota ba ya zama a kansu, ranar farko zai ƙone. Akwai na zafi da ke jure digiri 600, ana fesa shi siriri a kan ƙarfe tsirara ba faraima, kuma sai an kunna inji ya yi zafi a hankali sau biyu ko uku yake kamawa. Zai yi hayaƙi da wari, ba matsala ba ce. In wani ya ce a kai maka kwanon a yi fentin gari na tanda, yana da ƙarko, amma tandar na kai digiri 180 zuwa 200, saboda haka duk inda ka sa fila zai ɓalle, kuma lagireto da tanki ba sa shiga.

Inda launi biyu suka haɗu, fara da mai haske, ya kwana, sannan ka manna salatif ka fesa mai duhu, ka cire salatif ɗin tun fentin na ɗanye-ɗanye kana jansa baya a kwance. Wajen haɗawa sa washa ta roba ƙarƙashin notocin bonet, ka naɗa salatif a bakin sifana. Tambarin kamfani kuwa jira mako guda kafin ka manna, in ba haka ba tinar da ke fita daga fentin za ta kumbura shi daga ƙasa. Cikin makon nan kada ka lulluɓe injin da tamfol, kuma in fetur ya ɗiga a jiki lokacin zuba mai, share shi nan take da tsumma mai laushi.