Amsa ga Yaya mai tambaya a kan kuɗin ajin manya

Assalamu alaikum. Yaya, kin tambaya ko daidai ne kwamitin unguwarku ya yanka wa kowane ɗalibin ajin yaƙi da jahilci kuɗi iri ɗaya duk wata, alhali asusun ilimin da kowa ke zubawa ana ƙarar da shi ne a kan 'yan jami'a kaɗai. Wallahi ba daidai ba ne, kuma ina faɗa miki ne da bakin wadda aka kora daga irin wannan aji a nan Gadarif ta ƙasar Sudan.

A watan Fabrairu na 2021 ne gwamnati ta karya darajar kuɗinmu na fam, dala ta tashi daga 55 zuwa wajen 375 a farashin banki, ni kuwa da ke sayar da shayi a bakin kasuwar amfanin gona sai kuɗin sukari da gawayi suka cinye ribar, har bashin aji ya hau kaina. Ma'ajin kwamitinmu ya shigo da littafinsa muna tsakiyar darasi, ya tsaya a gaban allo yana kiran sunayen waɗanda ake bi bashi, da ya zo kaina sai ya ce mace mai jikoki me za ta yi da alƙalami, in bar wa masu gaba wuri. A gaban matan da na haifi sa'o'insu ya faɗa. Na naɗe littafina a cikin mayafi na fita, ƙafata tana rawa, malamarmu ta biyo ni har ƙofa tana ba ni haƙuri, ita da ba a ma biya ta haƙƙinta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗansa na cikinsa yana karatu a Khartum da kuɗin asusun nan, asusun da ban taɓa tsallake zubinsa ba ko a ranar da ciniki ya ƙi. Har yau idan muka haɗu a gidan biki ba na iya haɗa ido da shi, na kuma bar shi da Allah.

Ku nemi a raba asusun a rubuce, a ware wa ajin manya kasonsa tun kafin a taɓa komai, a kuma sa mutum biyu daga cikin ɗaliban a kwamiti. Mai gonar riɗi da tarakta da wanda ke yi masa yanka a biya shi da yamma ba za su ba da abu ɗaya ba a ce an yi adalci. Kada ma ku dogara da kuɗin wata, domin fam narkewa yake yi a hannu. Ku karɓi gudummawar manoma da kaka, riɗi a watan Oktoba, dawa a bayansa, buhu-buhu, a ajiye a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan. Malama za a fara biya, don duk ajin da na ga ya mutu, yunwar malami ce ta kashe shi. Ku kuma kai takardar neman taimako Diwanin Zakka, wato hukumar gwamnati mai tattara zakka, tunda daga gonakin nan ake karɓarta.

Masu cewa karatun tsoho ɓata kuɗi ne su tuna da Disambar 2024, da aka canza takardun fam 500 da 1,000 aka ce sai ta asusun banki. Da idona na ga dattijuwa ta miƙa wa yaron da ba ta sani ba wayarta da lambar sirrinta ta Bankak, manhajar banki ta waya, tana roƙonsa ya duba mata abin da ya shiga. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 'yan gudun hijira daga Khartum, daga baya kuma Madani, suka cika makarantu, don haka kada rashin ɗaki ya tsayar da ku, rumfar gidan wani da tabarma sun isa.

Batun kiran sunaye kuwa, Yaya, ki tsaya kai da fata a hana shi. Wadda ta gaza a same ta a gida tsakaninta da mace 'yar'uwarta, a yafe mata ko a jira ta zuwa kaka, kuma kada a cire sunanta daga rajista.